Yadda Ƙanƙara Ta Yaga Laimar Sarki

A zamanin da, tun ana auna nisan ƙasa da yawan zango, an yi wani sarki mai son gaskiya amma mai saurin fushi. Birninsa na kwance a fili, tafiyar hantsi tsakaninsa da wani babban dutse da manoma ke zaune a gindinsa. Wata safiyar Talata a farkon damina, fada ba ta gama cika ba, sai ga Jatau Sarkin Laima ya shigo yana jan ƙafa, rawani a karkace, ya rungumo wani dogon abu naɗe cikin zane. Ya zube gaban Sarki, ya yi gaisuwa, ya saki wani nishi da har dogaran bakin ƙofa suka waiwayo.

Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, tun da aka kafa garin nan ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar yadda aka zalunce ni jiya ba. Waɗanda aka ci da yaƙi sun fi ni sauƙi, don su ana yi musu jaje. A dubi goshina. Goshin da matan birnin nan ke leƙowa ta kan katanga don su gani, yau ga shi an mai da shi gonar gauta. Ni kam na gama yawo a duniya, a nema mini likkafani mai kyau, wanda zai dace da hasken fatata."

Fadawa suka miƙa wuya suna neman raunin. Da kyar aka gano wani ɗan ƙullutu bisa girarsa ta hagu, bai kai ƙwayar gujiya ba.

Shi Jatau ɗin nan ya ba arba'in baya, fari ne, mai son ado, mai baki kamar an shafa masa zuma. Aikinsa a fada guda ɗaya ne: riƙe laimar sarauta bisa kan Sarki idan zai fita, da adana ta idan ya dawo. Laimar kuwa ta jan karammiski ce mai gezar zinariya, kakan Sarki ne ya bar ta, kuma doka ce ba ta inuwantar da kan kowa sai na mai gari.

Sarki ya ce, "Sarkin Laima, bar zancen goshi. Mene ne cikin zanen?"

Jatau ya warware. Laima ce, amma ta zama kamar rariya, huji bisa huji, haƙarƙarinta uku a karye, geza na lilo.

Jatau ya ce, "Zaki, jiya da yamma na fitar da ita bayan ganuwar fada don ta sha iska, kada asu ya ci ta. Ina tsaye ina kaɗe ta, sai na ji ruwan duwatsu daga wajen gabas, farare, kowanne kamar ƙwan zabo. Na kare ta da jikina, ga shaida nan a goshi. Da na duƙa in tsinci duwatsun in kawo maka, sai suka narke a hannuna. Su wa ke gabas? Mutanen dutse. Su wa suka iya majajjawa har suna kakkaɓo biri daga kan tsamiya? Mutanen dutse. Sun haɗa majajjawa da tsafi, laimar suka fara gwadawa. Gobe kuma wanda ke ƙarƙashinta."

To, a nan ya kamata mai sauraro ya san abin da Sarki bai sani ba. Akwai wata bazawara a gindin dutsen, sunanta Lantana, mai sayar da fura, wadda Jatau ya daɗe yana nema tana yi masa dariya. Ranar Litinin da Sarki ya shiga gida hutawa, sai zuciya ta ce wa Jatau, macen da ta ga namiji a ƙarƙashin jan karammiski ba za ta sake dariya ba. Ya saci jiki ta ƙofar baya, ya buɗa laimar sarauta bisa kansa, ya isa ƙofar gidan Lantana yana taku ɗai-ɗai. Bai gama sallama ba hadari ya haɗo, ƙanƙara ta sauko ta yi wa laima abin da ta yi. Ƙaryar majajjawa kuwa a hanya ya ƙera ta, a zatonsa Sarki zai ci mutanen dutse tarar rago ɗaya ko biyu, magana ta mutu.

Zatonsa bai yi daidai ba. Fuskar Sarki ta canza, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ana cikin haka aka yi sallama da Arzika, dattijon da ke shugabantar mutanen dutse, wanda kuma kawun Lantana ne. Ya zo ne ya kai kuka cewa ƙanƙara ta kwantar musu da yabanya. Bai gama durƙusawa ba dogarai suka riƙe shi, suka ce mutanensa ne suka jefi laimar Sarki.

Arzika ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wane jifa? Mu ma mu aka jefa. Ƙanƙara ce daga sama, ta kashe mini kaji bakwai."

Sarki ya ce, "Na san ƙanƙara, tsoho. Tun ina yaro nake tsintar ta, ba ta wuce ƙwayar wake. Wa ya taɓa ganin ta kamar ƙwan zabo? Jiya an yi zafin da ƙadangare ke gudu bisa yatsu, ta ina ruwa zai daskare? Kuma a birnin nan ko ɗaya ba ta faɗo ba, sai ruwa zalla. Ku ji hukuncina. Gobe da safe a tashi mutanen dutse kaf, mazansu da matansu, a fitar da su daga ƙasata, a ƙone bukkokin."

Fadawa suka ce, "Sarki ya yi daidai."



Sai Waziri ya gyara zama. Tsoho ne mai ƙarancin magana, sunansa Hamidu, kuma tun da aka warware zanen idonsa bai bar kan Jatau ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, hukuncinka yankan wuƙa ne. Sai dai kibiya in ta bar baka ba a kiranta ta dawo. Cikin maganarka na tsinci tambayoyi uku: yadda ruwa ke daskarewa a ranar zafi, da dalilin da zai sa ta zuba can ta bar nan, da abin da ke riƙe dutse a sama har ya girma haka. Ina roƙon a jinkirta zuwa kiran la'asar. In an sami mai warware ukun nan, ƙanƙara ce, tsoho ya koma gida. In ba a samu ba, a tashe su."

Sarki ya ce, "Na ba ka zuwa la'asar. Ko taƙi ɗaya ba zan ƙara ba."

Da aka tashi, Waziri ya tsai da Jatau a soro. Ya ce, "Sannu da wahala, Sarkin Laima. Allah ya ƙara sauƙin goshi."

"Amin, ranka ya daɗe. Ina ji har ƙwaƙwalwa ya taɓa."

"Ga alama. Na ce ba, gobe kai za ka shige gaba ka nuna mana hanya, tunda kai ka ga inda jifan ya fito. Kuma da aka ce kaf, kaf ake nufi. Har da masu dakan fura."

Ya wuce abinsa yana jan carbi.

Jatau ya tsaya kamar an dasa shi. Ya yi wa duniya ƙorafi a zuci, ya ce wannan wace irin ƙasa ce da mutum ba zai yi 'yar ƙarya ta fitar da kai ba sai a mai da ita yaƙi. Da ya gama ƙorafin ya ga ba mai saurare, sai ya ari jakin wani mai itace ya nufi dutse.

Ya tarar labari ya riga shi. Mata na ɗaure tukwane cikin ragaya, tsofaffi na zaune jugum bakin gonakin da ƙanƙara ta tattake. Lantana na tsakar gida tana juye gero cikin taiki. Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa.

Ta ce, "A'a, Sarkin Laima ne yau a rana? Ina inuwar taka?"

"Lantana, ki bar ba'a, ni ma abin tausayi ne."

"Ai na ji. An ce mu muka jefe ka. Ni dai abin da na gani, wani ƙato ne ya shige ƙarƙashin rumbuna yana kiran uwarsa."

"Addu'a nake yi."

"To ta karɓu. Kawu na hannun dogarai, mu kuma gobe sai inda ƙafa ta kai mu. Matsa, kana taka mini faifai."

Jatau ya zauna bisa turmi, ya zayyana mata tambayoyin nan uku, ya ce in ba a amsa su kafin la'asar ba shi ke nan. Ta ce ai amsar mai sauƙi ce, ya je ya faɗi inda ya kai laima. Ya dafe ƙirji ya ce ko ya faɗa, Sarki zai ce tsoro ne ya sa shi canza baki, tunda bai yarda akwai ƙanƙara mai girman nan ba, kuma duk ta narke.

Lantana ta ce, "Wa ya ce maka duk ta narke? Ku mutanen birni komai sai ku bar shi ya lalace. Taso."

Ashe al'adar matan dutse ce, in ƙanƙara ta zuba sai su tsince manyan, su binne cikin tukunyar ƙaiƙayi, su kai can cikin kogo inda rana ba ta shiga, suna ba mai zazzaɓi ruwanta. Ta shiga kogon ta fito da tukunya, ta tona ƙaiƙayin. Ga su nan kusan ashirin, sun rage girma amma da sauransu. Ta ɗauki ɗaya ta aza bisa dutse, ta ɗora wuƙa ta buga da taɓarya, ta rabe biyu.

Ta ce, "Buɗe idon nan da kake sa wa kwalli ka duba."

Jatau ya duba. A tsakiya akwai ɗan ƙwaya fari kamar gero. Kewaye da shi zobe mai haske kamar ruwan rijiya, sai zobe fari kamar nono, sai mai haske kuma, har biyar.

Ya ce, "Albasa."

Ta ce, "Dawon fura dai. Ba ka taɓa ganin ina mulmula fura ba? Ɗan ƙarami nake farawa da shi, in jiƙa, in juya cikin gari, in sake jiƙawa, in sake juyawa. Kowane zagaye riga guda. Kakata ta ce ita ma ƙanƙara haka ake mulmula ta a cikin hadari, ba a dunƙule take farawa ba."

"To wane hannu ke juya ta a can sama?"

Lantana ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Kai ke tambaya? Jiya kafin ta zubo, da iskar nan ta taso, gefe ta ja ka ko sama? Zanar dangar bayan gidana ta tashi tsaye kamar shaho, ba ta dawo ba har yau. Kai kuma da ka ƙanƙame laima, wallahi sai da na ga tafin ƙafarka duka biyu."

Jatau ya tuna yadda laimar ta cika da iska ta fizge shi sama, ƙasa ta rabu da shi, ya ga saman dangar Lantana. Ya tuna shi kansa hadarin, yadda ya tashi tsaye kamar rumbu bisa rumbu, kansa ya baje can ƙololuwa. Nan take abin ya haɗu a kansa, don Jatau maƙaryaci ne amma ba daƙiƙi ba ne.

Ya ce, "Na gane. Amma zancen tafin ƙafa ba zai fito daga bakina a fada ba."

Ta ce, "Kada ya fito. Ka ga taikina can, na kusa gama ɗauri."

Rana ta riga ta karkata. Jatau ya dubi tukunya, ya dubi hanya, ya ga zafin da ke tashi daga ƙasa. Ya cire babbar rigarsa mai aska takwas, wadda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta, ya tsoma ta cikin randa, ya naɗe tukunyar da ita. Lantana ta ɗauki faifai da ƙoƙon gari da ɗan ruwa a gora. Suka kama hanya. A tsakiyar tafiya jaki ya ga ciyawa ya ce shi nan ya sauka. Jatau ya roƙe shi, ya zage shi, ya yi masa kirari, jaki bai motsa ba. Sai ya aza tukunya a ka ya zura da gudu, ruwan riga na bin wuyansa, yana haki yana faɗin cewa ba a taɓa wulaƙanta mai sarauta irin haka ba.

Suka iso fada inuwa ta fara tsawo. Arzika na zaune tsakanin dogarai biyu. Waziri ya nemi izini a bar macen ta shigo, aka bari. Jatau ya sauke tukunya, ya tona. Huɗu suka rage.

Da ya ga idon fada duka a kansa, sai gajiya ta gudu, ya gyara rawani. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, bawanka mai rauni a goshi ya je har ramin abokan gaba, ya dawo da makaminsu. Taɓa ka ji."

Sarki ya karɓi ɗaya, ya yi saurin sauya hannu. Ya ce, "Sanyi kamar ya ƙone ni. To, tambaya ta farko."

Jatau ya ce, "Wannan sai da taimakon tsoho. Baba Arzika, ka taɓa hawa ƙololuwar dutsenku?"

Arzika ya harare shi, kana ya ce, "Tun ba a haife ka ba. A gindi kana gumi, a tsakiya ka nemi mayafi, a sama haƙora na kaɗawa. Ruwan da ke kwana a kwarmin dutse can sama, in ka kurɓa sai ya sare maka haƙori."

Sarki ya ce, "Yaya haka, alhali wanda ya hau ya ƙara kusantar rana?"

Jatau ya ce, "Zaki, ƙasa kasko ce. Rana na gasa ta, mu kuma zafin kaskon muke sha. Duk wanda ya yi nisa da kasko ya yi nisa da zafi. In kan dutsen da akuya ke hawa na da sanyi haka, ina ga kan hadarin da ya ninka dutsen sau goma? Can ɗigon ruwa ba ya iya zama ruwa. Zafin jiya kuwa ba hana ta ya yi ba, shi ya haife ta. In an hura wuta, ina hayaƙi da toka ke nufa? Sama. Haka iska mai zafi da danshi ke tashi daga ƙasar da ta gasu, ta kwashi ruwa ta kai shi inda zai daskare."

Sarki ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ta biyu. Don me can ban da nan?"

"Ranka ya daɗe, hadari faɗi gare shi, amma inda ake wannan aiki ɗan tsaki ne a tsakiyar cikinsa. Ka ga jakin da ke ɗauke da taiki mai huji? Hatsi ba ya zuba ko'ina a gari, sai layin da jakin ya bi. Jiya layin ta kan gonakin dutse ya bi, birni ya sami gefen hadari, ruwa kawai. Ƙananan ma da suka nufo nan, sun narke a hanya kafin su iso."

Wani bafade ya ce, "Gaskiya ne, ko a unguwa ɗaya ana ruwa a bar maƙwabta."

Jatau ya ɗaga hannu kamar mai raba gado. Ya sa aka rabe ƙanƙara ɗaya gaban Sarki, aka ga zobba. Ya ce da Lantana ta gwada. Ta ɗauki ɗan ƙullu kamar ƙwayar gero ta jefa cikin faifai, ta yayyafa ruwa, ta barbaɗa gari, ta shiga kaɗawa. Ƙullun na tashi yana dawowa, kowane tashi da sabuwar riga, har ya kai goro, har ya kai ƙwai. Daga nan ya yi wa kaɗawar nauyi, ya gangara ta bakin faifai ya faɗi tim gaban karaga.

Jatau ya ce, "Ka gani, Zaki. Ɗigo ɗaya ke daskarewa, iska mai hawa ta riƙe shi tana yawo da shi cikin hadari. Inda ya ratsa wuri mai yawan ruwa, ya sa riga mai haske. Inda sanyi ya fi tsanani, ya sa fara. In iskar rarrauna ce, tun yana kamar wake zai kuɓuce mata, irin wadda ka tsinta kana yaro ke nan. In ƙaƙƙarfa ce, sai ta riƙe shi har ya yi ƙwan zabo. Ranar da nauyi ya rinjayi iska, ranar kaji ke mutuwa."

Fada ta ɗauki sowa. Jatau ya juya hagu ya juya dama yana karɓar yabo da ka. Amma Sarki bai yi murmushi ba.

Ya ce, "Zancenka da daɗi. Sai dai faifai hannu ke kaɗa shi, na kuwa ga hannun. Iskar da na sani gefe take kaɗawa, ta kwantar da dawa, ta yaye jinka. Wa ya taɓa ganin iska ta miƙe tsaye da ƙarfin da za ta ɗauki dutse? A kawo mini wanda ya ji ta a jikinsa. Ba daga mutanen dutse ba, don su kansu suke ceto. In babu, hukunci na nan."

Daga can aka ji ladan na gyaran murya bisa hasumiya. Ƙanƙarar ƙarshe na narkewa cikin tasa, ta koma kamar ɗan wake. Arzika ya sunkuyar da kai. Lantana ta fara naɗe faifanta cikin zane. Waziri kuwa carbinsa kawai yake ja, yana kallon rufin soro.

Jatau ya ce a ransa, in dai za a faɗi, to a faɗi da ado. Ya matsa tsakiyar fada.

"Allah ya ba ka nasara, akwai shaida. Mutum ne kyakkyawa, mai nauyin buhun gero biyu. Jiya yana tsaye a gindin hadarin nan da buɗaɗɗiyar laima a hannu, iska ta shiga ƙarƙashinta ta ɗaga shi sama har ya ga abin da ke bayan danga. In ta ɗaga ni, Zaki, ta yaya ƙwan zabo zai gagare ta?"

Sarki ya ce, "Ta ɗaga wa?"

"Ni, ranka ya daɗe."

"A bayan ganuwar fada?"

"Da ɗan nisa kaɗan."

Waziri ya ce, "Kamar nawa, Sarkin Laima?"

"Kamar ƙofar gidan wannan baiwar Allah."

"Laimar kuwa kan wa take inuwantarwa?"

Jatau ya zube ƙasa. Ya ce, "Kan da bai cancanta ba, ko da yake ta yi masa kyau. Babu majajjawa, babu tsafi. Ni na ɗauke ta, ni na kai ta inda ƙanƙara ta same ta, ni na ƙaga wa bayin Allah laifi."

Ladan ya ɗaga murya da kiran salla. Ba wanda ya motsa. Sarki ya daɗe yana duban Jatau, ya dubi laima, ya dubi dawon furar da ke gaban karagarsa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har rawaninsa ya goce. Fadawa da suka tabbata dariya ce, su ma suka fashe.

Da ya natsu ya ce, "A saki Arzika. Dattijo, na yi gaggawa, ka yafe mini. A buɗe rumbun fada a ba mutanen dutse iri su sake shuka, damina ba ta yi nisa ba. Ita kuma mai faifai a ba ta turmin zane biyu. Waziri, me ya dace da wannan?"

Waziri ya ce, "Zaki, ƙaryarsa ta kusa tashin gari, gaskiyarsa ta zaunar da shi. A bar masa kansa da sarautarsa. Amma laimar nan da hannunsa zai ɗinke ta, huji bayan huji. Kafin nan kuma, tunda ta riga ta saba da hanyar dutse, ya riƙa wa dattijon nan ita har ƙofar gidansa, a ƙasa, kowa na gani."

Sarki ya ce, "Yau ɗaya na halatta ta ga kan wani. A yi haka."

Bayan salla aka fito. Arzika na gaba bisa jakin da aka ba shi, Jatau na gefe da 'yar shara, ya ɗaga yagaggiyar laima, rana na zubowa ta hujojin tana yi wa tsoho zane a fuska. Mutanen birni suka yi layi suna tafi. Da suka doshi dutse, mata suka kwance kayan da suka ɗaure, suka tarye su da guɗa. Jatau ya ɗauka duk tasa ce, yana ɗaga musu hannu ɗaya.

Ya ce, "Baba, ka ga rashin adalcin duniya? Na ceci gari guda, na rasa rigar aska takwas, na yi gudun da ban yi ba tun ina saurayi, ga goshi. Amma ko mutum ɗaya bai ce mini sannu ba."

Arzika ya ce, "Daga hannun wa ka cece mu?"

Lantana da ke biye da su ta ce, "Amsa masa mana, Sarkin Laima. Ka amsa uku a fada, ɗaya ba za ta gagare ka ba."

Jatau ya gyara riƙon laima, ya yi tafiya kaɗan. Can ya ce, "Daga hannuna, Baba. Ni na haɗa hadarin, ni na zubo ƙanƙarar. Amma tsakani da Allah, Lantana, da wani ne ya jawo wannan masifa, ai da bai iya warware ta da kyau haka ba."

Ta ce, "Ɗaga laimar, rana na dukan Kawu."

Ya ɗaga.